Taraktar Katako Ta Goma

Orrin Tollefsrud mijin ƙanwata ne, kuma shekara ashirin da tara na yi ina kai masa abinci duk ranar Laraba ba tare da na yafe masa ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kada wani ya ɗauka ni ce ta kirkin labarin. Sunana Verna. Ƙanwata Maxine, Allah ya ji ƙanta, ta aure shi a 1966, bayan na gaya mata ƙiri-ƙiri cewa mutumin da ba ya iya jera kalma biyar zai bar ta ta tsufa tana hira da kaji. Ta kwashe da dariya, ta ce ai ita surutun mutum biyu gare ta, sai ta ara masa.

A gonarsu aka haife shi, mil shida arewa da garinmu, eka ɗari biyu da arba'in na masara da waken suya da 'yan shanu kamar ashirin. Dogo ne mai manyan kunnuwa, hularsa ba ta barin kansa sai a coci. In kun yi kiciɓis a hanya, yatsa ɗaya zai ɗaga daga kan sitiyari, gaisuwa ta ƙare ke nan. Duk mazanmu na nan kudancin Minnesota haka suke, amma Orrin ya fi kowa. Masara ta yi kyau, "ba laifi." Ƙanƙara ta kwantar da ita, "an ga wadda ta fi wannan." Ranar da aka haifi 'yarsu Gwen na tare shi a barandar asibiti na ce, "To, ya ka ga jaririyar?" Ya jujjuya hula a hannu ya ce, "Ba laifi." Da akwai abin jifa a kusa, da na jefe shi.

Abu ɗaya ne ke buɗe masa baki, wato tarakta. A nan mutum ko ɗan ja ne ko ɗan kore, gwargwadon launin taraktarsa, yadda ya tarar da ubansa, kuma ba a sauya sheƙa. Su Orrin 'yan ja ne. Mijina Duane, shi ma ya rasu, ɗan kore ne, sai su wuni suna yi wa juna tsiya a kan fenti.

"Jar nan taka," in ji Duane, "an shafa mata wannan launin ne don a hango inda ta mutu a tsakiyar gona."

"Taka kuma kore aka yi ta don ta samu wurin ɓuya a cikin masara."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na ji daga bakin Orrin a duk shekarun nan.

Jar tasa tsohuwa ce, irin wadda muke kira mai ƙafa uku: manyan tayoyi biyu a baya, na gaba ƙanana biyu a manne da juna a tsakiya kamar ƙafa ɗaya. Tana da daɗin juyawa a ƙarshen layi, tana bi tsakanin masara ba ta taka ko ɗaya. Amma kowa ya san halinta na kifewa a kan gangare. Shi ya sa mutane suka riƙa cire wannan ƙafar suna sa dogon ƙarfe mai raba tayoyin, ɗaya nan ɗaya can. Orrin ma ya sayi ƙarfen a wani gwanjo, ya sauke shi bayan rumbu. Aikin yini ɗaya ne in Duane ya kama masa. Maxine ta yi magana, ya ce bayan shuka. Ta sake, ya ce bayan girbi. Shekara uku ƙarfen yana nan kwance har ciyawa ta rufe shi.

A 1988 ruwa ya ƙi. Makiyaya ta ƙone ƙurmus, shanu suna kuka, kowa ya koma yankan ciyawar kwarin gefen hanya, don nan kaɗai ta rage da ɗan kore. Wata Talata a watan Yuni Orrin ya shiga gari neman wani bel na inji. Maxine ta ga rana tana tafiya, ta ɗaura injin yanka a jar tarakta ta fita. Ta fi shi iya tuƙi, kowa ya sani. A kwarin da ke gaban gidansu, wanda ake hangowa daga tagar kicin, taraktar ta kife da ita. Gwen, shekararta goma sha takwas, tana shanya kaya, ita ta ji ƙarar injin ta sauya, ita kuma ta fara isa wurin. Ban taɓa tambayarta abin da ta tarar ba.

Bayan jana'iza aka sauka ɗakin ƙasa na coci cin abinci, yadda aka saba. Mata sun jera tirori na taliya da nama, da kek, da gahawa. Gwen ta ratsa mutane ta tsaya gaban ubanta. Ba ta ɗaga murya ba, amma duk ɗakin ya ji.

"Ƙarfen yana bayan rumbu, Baba. Shekara uku."

Ya kalle ta. Na ce a raina, yi magana, kai wannan mutum, ko kalma ɗaya ce. Sai ya juya wajen matan da ke raba abinci ya ce, "Fasto bai samu gahawa ba."

A watan Agusta Gwen ta haɗa akwatinta ta tafi jihar Oregon mai nisa. Ta yi karatun jinya, ta yi aure, ta haihu, auren ya mutu, duk ni take gaya wa a waya. Shi ko sau ɗaya ba ta neme shi ba. Jar tarakta kuwa wani mutum ya zo da babbar mota ya ɗauke ta. Ƙarfen ne Orrin ya hana a taɓa.

Abincin Laraba ba don shi nake yi ba. Maxine ta taɓa ce min cikin wasa, "In na riga shi, kada ki bar shi ya rayu a kan burodi da waken gwangwani." To, ban bar shi ba. Nakan dire kwanon, in ɗauki na makon jiya, in tafi. "Sannu, Verna." "Ka dumama kafin ka ci." Hirarmu ke nan shekara da shekaru.

A 2005 gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Ya ba wani maƙwabci hayar gonar, ya dawo cikin gari, wani ɗan gida mai gareji, layi biyu daga nawa. Manomin da aka raba da gona abin tausayi ne. Yakan tashi ƙarfe biyar, ya sa takalmin aiki, ya tsaya a ƙofa yana duba sama, alhali ba shi da abin da ruwa zai jiƙa ko ya ɓata. Shekara uku yana haka. Sai wata Laraba na zo na tarar ya fitar da motarsa waje, gareji ya cika da ƙamshin katako.

Tarakta yake yi. Ta katako, tsawonta kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Ba shi da zane, ba shi da littafi, duk a kansa take. Ni da ba na son yabonsa, dole in ce aikin ya yi kyau. Baƙin katako yake yi wa tayoyi, fari ya yi jiki da shi, sannan ya shafa ja sau uku, yana gogewa da samfefa tsakanin kowace shafa. Kowace tayar baya sai ya yanka mata haƙora ashirin da huɗu a kowane gefe da ɗan siririn zarto, a karkace, su haɗu a tsakiya. In ɗaya ya kauce ko da kaurin farce ne, sai ya jefa tayar a murhu ya faro sabuwa. Ba ya sa ƙusa, sai 'yan turaku na katako da gam. Sitiyarin yana juyawa, kuma in ka juya shi tayoyin gaba suna bi. Har lotsawar da ke jikin murfin injin, inda Maxine ta taɓa gogar ƙofar rumbu ta ce ƙofar ce ta matso, ya sassaƙa ta. Da na gan ta sai da na zauna a kan bokiti.

Sannan na kalli gabanta. Tayoyin a rabe suke, ɗaya nan ɗaya can, a kan dogon katako.

Ya gama ta a farkon Disamba, ya naɗe ta da jarida, ya sa a kwali, ya ce, "Verna, kina da adireshin yarinyar nan?" Ni na rubuta a bayan kwalin, ni na kai gidan waya. Ba wasiƙa a ciki, ko "barka da Kirsimeti."

Amsa ba ta zo ba. Shekara ta zagayo ya sake yin wata, iri ɗaya sak, ja, da lotsawarta, da tayoyin gaba a rabe. Haka ya yi ta yi. Kafin ya aika yakan kai ta baje kolin gunduma a watan Agusta, a ajiye ta a teburin aikin hannu kusa da barguna da kwalaben zuma. Tsofaffin manoma su zagaye ta, su sunkuya, su juya sitiyari. Duk sun san jar Orrin, duk sun san ƙafa uku gare ta, duk kuma sun san dalilin da ya sa suka sani. Ba mai cewa uffan. Sau ɗaya Lyle Brekke, wanda bakinsa ke riga hankalinsa tashi, ya ce, "Kai Orrin, ai taka ba mai..." Matarsa ta take masa ƙafa. Ya ce, "Fentin ya yi kyau." Orrin ya ce, "Ba laifi."

Tara ya aika. Daga tsakiyar Disamba har ƙarshen Janairu zai riƙa fita duba akwatin wasiƙa sau biyu a rana, cikin dusar ƙanƙara, alhali sau ɗaya mai kawo wasiƙa yake wucewa. Ina hango shi daga mota in ji haushinsa, in ji tausayinsa, in kuma ji haushin kaina da na ji tausayin. A shekara ta tara hannunsa ya fara rawa, likita kuma ya ce zuciyarsa ta yi rauni. Na ga in ba a yi wani abu ba, mutumin nan zai mutu bai ji muryar 'yarsa ba.

Na kira Gwen na ce, "Ke, wai kwalayen nan suna isa kuwa?"

"Suna isa, Anti."

"To ko 'na gani' ba za ki ce ba? Tsohon nan yana gutsure yatsunsa a kan zarto."

Ta ce, "Kin kalli gabansu?"

"Na kalla."

"Duk shekara sai ya aiko min da ƙarya a kwali, Anti Verna. Ya gyara ta da katako, ya shafa mata fenti, ya ce ga yadda take. Ba haka take ba. Ni na gan ta a kife. Na ga tayoyin nan biyu a sama suna juyawa. Yana so in ajiye wannan a kan kanta in ce na gode?"

Ni ma abin da nake gani ke nan.

Laraba ta zo. Na dire kwano a kan teburin aikinsa da ƙarfi har garin katako ya tashi. Na ce, "Na yi magana da Gwen. Ta ce ƙarya kake aika mata." Na zazzage masa duk abin da ta faɗa, na ƙara da nawa na shekara ashirin da takwas. Na ce aikin yini ɗaya ya gagare shi lokacin da yake da amfani, yanzu ya zo yana yin sa sau tara a kan abin wasan yara. Na ce ƙanwata ba ta katako ba ce. Na faɗi abubuwan da ba zan maimaita ba.

Ya tsaya yana saurare. Da na gaji, sai ya sunkuya ya jawo wani abu daga ƙarƙashin teburin. Allo ne mai faɗi, an kafa masa ƙafa a gefe ɗaya, ya zama gangare. Saman ya yi sulɓi saboda yawan amfani.

"Kwarin ne," in ji shi. "Na je na auna."

"Wane kwari?"

"Na gaban gida. Daidai wurin."

Ya ɗauko wata tarakta da ya ajiye wa kansa, ta gwaji, mai tayoyi a rabe. Ya ɗora ta a kan allon a gicciye, yadda mai yankan ciyawa ke bin gefen hanya. Ya saki. Ta tsaya cak.

"Kowacce sai na ɗora ta nan kafin in aika," ya ce. "Ba wadda ta faɗi. Da na sa ƙarfen, ba ta faɗuwa. Abin da nake gaya mata ke nan."

"Abin da kake gaya mata?"

"Cewa ni ne."

Shekara tara mutumin nan yana cewa laifina ne, 'yarsa tana jin yana cewa ban yi komai ba. Na ce, "Orrin, don Allah wa zai gane wannan? Ba ka da baki ne? Ba ka da biro?" Ya kalli allon ya ce shi ya ɗauka a fili yake. Na so in shaƙe shi, na so in rungume shi, ban yi ko ɗaya ba. Na ce ya dumama abincin kafin ya ci.

Bayan mako biyu ya zo gidana, abin da bai taɓa yi ba tun rasuwar Duane. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu.

"Cokalin nan na katako na Maxine, wanda take juya miya da shi. Yana wurinki?"

Yana wurina. Na ɗauke shi daga kicin ɗinta ranar jana'iza ban gaya wa kowa ba, ashe ya sani. Na ce me zai yi da shi. Ya ce kujerar tarakta kamar bakin cokali take, kuma wannan karon yana so ta zama daidai. Na shiga na daɗe a tsaye da cokalin a hannu. Gefensa ɗaya ya cinye saboda gogar tukunya. Na fito na miƙa masa, na rufe ƙofa kafin ya ga fuskata.

Ta goma ta ci masa wata bakwai. Hannun ba ya ba shi haɗin kai. Tayar baya ɗaya sau huɗu yana yin ta. Yakan danne hannun dama da na hagu don zarton ya bi layi, wani lokaci ya yanki kansa, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Na ce ya bari in kai haƙoran tayar wurin mai inji a yanka masa cikin minti goma. Ya kalle ni kamar na ce ya koma ɗan kore. Gaban ya bari na ƙarshe. Ƙananan tayoyi biyu ne kawai da ɗan turke ɗaya, aikin da ya fi kowane sauƙi a jikinta, amma mako uku suna kan tebur bai haɗa su ba.

Ranar da ya haɗa ina nan. Ya ce in tsaya in gani. Ya jawo allon, ya ɗora ta a gicciye, ja, da lotsawarta, da kujerar cokalin Maxine, da ƙafarta ɗaya a gaba. Ya saki.

Ta tsaya.

Muka zuba mata ido. Ya ɗauke ta ya sake ɗorawa. Ta sake tsayawa.

"Katako ne," ya ce. "Ba nauyin inji a sama. Ba rami. Ba a tafe take ba." Yana magana da sauri, abin da ban san shi da shi ba. "Ta gaske ba ta tsayawa."

Ya sa yatsa ɗaya, wannan yatsan da yake gaisuwa da shi, ya taɓa saman tayar baya. Ta kife, ta gangara, ta tsaya a ƙasan allon da tayoyin gaba a sama. Ya ɗauko ta ya mayar, ya sake turewa. Sau uku ya yi haka a gabana. Na fita na zauna a mota na yi kukan da ban yi ba tun 1988.

Da na isa gida na kira Gwen. Na gaya mata zancen allon, da abin da yake nufi da taran nan. Na ce, "Ya yi ta yadda take. Ba zai aiko ba, ni ma ba zan kai gidan waya ba. In kina son gani, ki zo. Kuma ba shi da lokaci mai yawa, ba tsoratar da ke nake yi ba." Ta ce za ta yi tunani.

A ƙarshen Satumba ta zo, ana shirin yankan waken suya. Ta sauka a gidana. Shekararta arba'in da bakwai, furfura ta fara mata, tafiyarta kuwa ta uwarta ce sak. Da safe na kai ta. Orrin ya aske gemu har ya yanki haɓa, ya sa rigar zuwa coci, yana tsaye a bakin gareji.

"Kin iso," ya ce.

"Na iso."

"Hanya ba matsala?"

"Ana gyara wajen gada."

"Tun bara suke yi."

Shekara ashirin da tara, zancen gada suke yi! Na ciji leɓe. Ya zuba mata gahawa, rabi ya zube a tebur saboda rawar hannu, ta karɓa. Suka yi zancen ruwa, ya ce bana ba laifi.

Ita ce ta je wurin teburin. Taraktar tana nan, allon yana gefe. Ta daɗe tana kallo. Ta shafa lotsawar da ɗan yatsa. Da ta kai kan kujerar sai ta janye hannu da sauri, ta juyo ta kalle ni, na gyaɗa mata kai. Ta ɗauki taraktar da hannu biyu ta ɗora a kan allon a gicciye, ta saki. Ta tsaya.

Orrin ya matso. "Ba haka ba ne," ya ce. "Bari ki ga." Ya miƙa yatsa.

Ta cafke hannunsa tun kafin ya kai. Ta riƙe shi gam, hannun yana rawa a cikin nata.

"Bar ta, Baba," ta ce. "Bar ta ta tsaya."

Suka tsaya haka, ban san ko minti nawa ba. Na jira ya ce wani abu. Na jira ta ƙara wani abu. Ta saki hannun, ta ce tana da jirgi da yamma kuma filin jirgin da nisa. Ya raka mu har mota. Da muka ja, na gan shi ta madubi ya ɗaga yatsa ɗaya. Duka-duka minti arba'in ta yi. A hanya ba ta yi magana ba, ni ma ban matsa mata ba, kuma har yau ina cizon yatsa da ban matsa ba.

Daga ranar bai sake ɗaukar zarto ba. Taraktar tana kan allon yadda ta bar ta, ya hana ko ƙura in goge a wurin. Kowace Laraba in na dire kwano sai ya ce, "Verna, me take nufi?"

"Ka ɗauki waya ka tambaye ta mana. Ga lambar nan na manna maka a firij."

"Tana aiki. Bayan girbi."

Ba shi da ko kara ɗaya da zai girba, amma bakinsa bai san wata hanyar ba. Na kira Gwen na ce ita ta kira shi. Ta ce za ta kira, tana neman abin da za ta ce ne. Jininsa ce, ba ta bar komai ba.

A tsakiyar Nuwamba zuciyar ta kayar da shi a kicin. Kwana biyu ya yi a asibiti. Na sanar da Gwen, ta ce ta sayi tikitin Juma'a. Ranar Laraba da rana ina zaune kusa da gadonsa, ya buɗe ido ya ce, "Me take nufi, Verna?"

Na ce, "Tana nufin ta yafe maka."

Ya kalle ni, ya ɗan yi murmushi. "Ba ki iya ƙarya ba. Ke da Maxine duk ɗaya."

"To ni na yafe," na ce. "Wannan ba ƙarya ba ce."

Ban san zan faɗa ba sai da na ji ta fito. Ya lumshe ido ya ce, "Ba laifi." Ranar Alhamis da safe ya cika.

Bayan jana'iza muka je kwashe garejin ni da Gwen. Taraktar tana nan a tsaye a kan allon, ƙura ta kwanta a kan jan fentin. Na ce mata, "Har ya mutu yana tambayata me kike nufi da kika ce ya bar ta ta tsaya."

Ta zauna a kan bokitin nan da na taɓa zama, ta rufe fuska da hannu biyu.

"Ina nufin ya isa haka, Anti. Ina nufin ya daina. Na ɗauka a fili yake."

Ta ɗauki taraktar ta naɗe da rigar sanyinta, ta tafi da ita Oregon. Allon yana gidana, a bayan ƙofar kicin. Sau biyu ina kai shi bakin murhu ina dawo da shi.